Mota na karkarwa a tsaye: a saurari inji kafin a taɓa karbirato

Yau batun tsofaffin motocinmu ne. Duk wanda ke zuwa tashar Tasawa, Madawa ko Matamai ranar kasuwa ya san wannan abu: Peugeot 504 ko tsohuwar 404 bashe na tsaye tana jiran lodi, inji na aiki, amma jikinta sai rawa yake kamar mai masassara. Madubi na kaɗawa, sandar giya na kaɗawa, ƙafar direba kuwa ba ta barin totur, don ya san da ya ɗaga ta, mota ta mutu. Masu gyara a nan na cewa ralanti ya lalace, a ƙetaren iyaka kuma su ce mota ba ta da silo.

Abin da aka saba yi kowa ya sani. Yaron mota ya ɗaga bonet, ya sa sukudireba a karbirato, ya murɗa sukuru har inji ya ɗaga murya, karkarwa ta ɓoye, a ce an gyara. To, ba a gyara komai ba. An dai rufe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. Sau da yawa karbirato ba shi da laifi, kuma a wurin makanike mai hankali shi ne na ƙarshe da ake taɓawa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ciwon ke bayyana a tsaye, ya ɓace a guje. Injin 504 silinda huɗu gare shi. Kowace silinda na buƙatar abu uku: fetur gauraye da iska daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi idan fistan ya hau, da tartsatsin wuta daga buji a daidai lokacinsa. Idan mota na tsaye, inji na juyawa wajen sau 800 zuwa 900 a minti ɗaya, ƙofar iska ta karbirato kusan a rufe take, fetur kuma na bi ta wata ƴar ƙaramar kafa da ake kira jiklar ralanti. Abincin inji a wannan lokaci kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka ɗan abin da ya ragu ko ya ƙaru, nan da nan ya nuna. A kan kwalta kuwa, inji na juyin dubu biyu ko uku, ƙarfin gudu na shanye aibin. Kamar tukunya ce: gishiri cokali ɗaya ba ya komai a miyar biki, amma a miyar mutum ɗaya sai ya hana ci.

Wannan magana ta shafi motocin fetur masu karbirato ne, irin su 404, 504, 505 ta farko, tsohuwar Land Rover da tsofaffin Toyota. Masu shan gazuwal da sababbin motoci masu kwamfuta a ciki, nasu binciken daban ne.

Kunne da ido tukuna

Kafin a ɗauko ko sufana ɗaya, a tsaya bayan mota a saurari salansa. Karkarwa iri biyu ce. Akwai mai tsari, wadda ke tafiya kamar ɗingishin jaki, kullum a ƙafa ɗaya: buf-buf-buf, tsit, buf-buf-buf, tsit. Wannan na nuna silinda ɗaya ce ba ta aiki, ciwon nata ne ita kaɗai, wato bujinta, wayarta ko supap ɗinta. Akwai kuma wadda ba ta da tsari, inji ya hau ya sauka, ya yi kamar zai mutu ya farfaɗo. Wannan abu ne da ya shafi dukkan silinda huɗu: iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko fetur ne ba ya zuwa daidai, ko delko. Wannan rarrabewa kaɗai ta rage rabin aiki.

Sai a dubi hayaƙi. Baƙi mai yaji a ido, fetur ya yi yawa. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Fari mai yawa da ba ya daina fita ko bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Farin tururin da ke fita da asuba lokacin hunturu kuwa, ya ɓace bayan ƴan mintoci, ba komai ba ne.

Sannan a tambayi direba, kuma direba ya faɗi gaskiya. Yaushe abin ya fara? Bayan an sha mai a bakin hanya? Bayan an wanke inji, ko an ratsa ruwa a korama? Bayan wani ya taɓa wayoyi? Da sanyi take yi, ko sai ta ɗau zafi? Motar da ta fara rawa ranar da aka canza buji, da wuya ciwon ya wuce wayoyin da aka mayar ba daidai ba. Tsarin tashin wuta a waɗannan injuna 1-3-4-2 ne, kuma musayar waya biyu kawai ta isa ta sa mota rawa da harbi a salansa.

Wani lokaci ma inji lafiyarsa lau, muryarsa sumul, amma jikin mota na girgiza. A duba robobin da inji ke zaune a kansu. Idan sun tsage ko baƙin mai ya narkar da su, girgizar inji na wucewa kai tsaye zuwa kujera.

Wuta

Idan ɗingishi ne mai tsari, sai a nemo silindar da ta kwanta. Ana cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka cire inji ya ƙara lalacewa, tana aiki. Wadda aka cire ba abin da ya canza, ita ce. A yi hattara, wutar da bobin ke turawa ta kai dubban bolt, ba a kama waya da hannu tsirara ko jiƙaƙƙe. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe inji, a cire waya, a tayar, a saurara, a kashe, a mayar.

An gano silindar, sai a kwance bujinta a karanta fuskarta. Buji, wanda a Kano ake ce wa fulogi, ba ya ƙarya. Mai launin ƙasa-ƙasa, kamar soyayyar gyaɗa, lafiya. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na hawowa. Fari fat kamar alli, iska ta yi yawa, inji na zafi fiye da kima. Jiƙe da fetur, ba ya tartsatsi ko kaɗan. Tazarar bakinsa a 504 wajen milimita 0.6 ce, kuma tana buɗewa da tsufa.

Ga wata dabara da ba ta cin ko dala: a musanya bujin da na silindar da ke kusa. Idan ciwon ya bi buji ya koma can, buji ne. Idan ya tsaya inda yake, a musanya waya. Idan har yanzu yana nan, to maganar ta koma cikin inji, za mu zo kanta. Wayoyin da suka tsufa kuma, da dare ake kama su. A ɗaga bonet a cikin duhu, inji na aiki, za a ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga waya zuwa ƙarfe.

Delko shi ne mai raba wuta, kuma a ganina shi ne aka fi mantawa da shi. A buɗe murfinsa a duba ciki, ko akwai tsaga siririya kamar gashi, ko laima, ko baƙin layi da wuta ta zana. A ƙarƙashi akwai bis platine, ƴan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa. Tazararsu wajen milimita 0.40 ce. Amma ɗan dundunen da ke gogar sandar delko yana cinyewa, ƙurar hunturu kuma na ƙara masa sauri, musamman in an bar wurin ba ɗigon giris. Yana cinyewa, tazara na raguwa, wuta na yin rauni kuma tana makara. Mota sai ta fara wuyar tashi, ta rasa ƙarfi a tudu, ta riƙa rawa a tsaye. Mai mota sai ya ɗauka inji ya gaji, alhali aikin minti goma ne. Idan fuskokin bis ɗin sun ƙone sun yi rami, a canza su tare da kondansatar, ɗan gwangwanin nan da ke gefe, don yawanci shi ne ya bari suka ƙone. A kama sandar delko a girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, komai aka daidaita ba zai zauna ba, sai an gyara ko an canza delkon. Kuma duk lokacin da aka taɓa tazarar bis, sai an sake daidaita lokacin wuta, don ɗaya na jan ɗaya.

Iskar da ta shigo ba sallama

Wannan ita ce ciwon ƙasarmu. Zafin watan Afrilu da Mayu a Tawa ko Tanut ba ya barin roba da rai. Tiyo ya bushe, ya tsage a ƙasa inda ido ba ya gani. A tsaye inji na zuƙa da ƙarfi ta bayan ƙofar karbirato, duk inda aka sami kafa iska za ta shiga ba tare da fetur ba. Gauraye ya tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa.

Alamarta mai sauƙi ce. Inji da zafinsa, a ɗan ja cok, abin jan nan na tayar da mota da sanyi. Idan ralanti ya gyaru, to inji na jin yunwar fetur ne: ko iska na shiga, ko jiklar ta toshe. A kasa kunne, wani lokaci ana jin shiii kamar maciji. Wuraren da ake dubawa su ne ɗan siririn tiyon da ke zuwa delko, babban tiyon da ke zuwa gangar birki da ake kira mastabak, da gindin karbirato inda yake zaune kan takardarsa. A matse tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya, wanda aka matse inji ya natsu, shi ne ko abin da ke ƙarshensa. Akwai masu zuba fetur a wuraren don su ji ko murya za ta canza. Dabarar na aiki, amma fetur a kan inji mai zafi, kusa da wayar da ke tartsatsi, wasa da gobara ne. Ruwa a gorar roba mai ƙaramar huda na nuna wurin ba tare da wannan haɗari ba.

A nan akwai abin da ya wuce batun karkarwa. Idan ka taka birki ka riƙe, ralanti ya lalace ko ka ji huci a ƙarƙashin ƙafarka, fatar cikin mastabak ce ta huje. Wannan ganga da zuƙar inji take taimakon ƙafar direba. Ta lalace, birki ya yi tauri kamar dutse. Haka kuma motar da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur, bayan taka birki sau biyu ko uku taimakon ya ƙare. Ku auna bashe ɗauke da buhunan gero da mutane a sama, tana gangarowa cikin kasuwa, yara da awaki a gaba. Saboda haka wanda ya ce rawar ralanti ƙaramin abu ne, a bar shi sai bayan kaka, bai duba ta wannan gefen ba.

Tsohon karbirato ma na shan iska ta sandar ƙofarsa, inda shekaru suka cinye ramin. 504 ta fito tun 1968, kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya ci gaba da haɗa ta sama da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin ƙaramar a 1983. Wato ko mafi ƙuruciya a cikinsu ta manyanta, ballantana 404 da ta fito a 1960. A girgiza sandar da yatsa. In tana wasa, ralanti ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Fetur da ƙura

Ba kowane ƙauye ke da gidan mai ba, da yawa a kwalba da jarka muke saye wurin ƴan ruwa-ruwa. Ba zargin kowa muke yi ba, amma jarkar da ta kwana a buɗe, da mazuraren da ya faɗi a rairayi, da tankin da ya yi tsatsa, duk a cikin jiklar ralanti suke haɗuwa, kuma raminta bai kai kaurin allura ba. Motar da ke gudu lafiya amma ta mutu da an saki totur, a fara zargin wannan jiklar. A kwance ta, a wanke da fetur, a busa da famfon iska. Kada a zura mata allura ko waya. Tagulla ce mai laushi, ramin ya faɗaɗa ko da kaɗan, ta lalace har abada, mota ta koma shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya.

Ana zargin ruwa a fetur? A tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi nauyi, zai kwanta a ƙasa, a gan shi da ido.

In kuma hayaƙi baƙi ne, buji huɗu duk sun yi baƙi, to fetur ne ya yi yawa. Ko cok ya maƙale bai koma ba, ko ƴar allurar da ke tsayar da fetur a kofin karbirato ba ta rufewa, ko filtar iska ta cika da ƙura. Maganin filtar da ta toshe shi ne a tsabtace ko a canza. Waɗanda ke cire ta su jefar, wai don inji ya sha iska, rairayi suke ɗura wa fistan. Mai tsohuwar filta irin ta wankan mai kuwa ya riƙe ta da kyau, a hanyar rairayi samun kamarta sai an tona, in dai ana wanke ta ana canza man. A kuma zaro sandar awon baƙin mai a sansana. In tana warin fetur kuma mai ya hau maimakon ya ragu, a duba famfon fetur, fatarsa na iya hujewa ta riƙa zuba cikin inji.

Sai cikin inji

Wuta lafiya, iska ba ta shiga, fetur tsaf, amma silinda ɗaya na kwance. Yanzu ne ake maganar matsi. Ko a nan ma ba a fara da sauke inji ba. A fara da tazarar supap. A injin 504 ana daidaita ta da sanyi, milimita 0.10 ga na shigar iska, 0.25 ga na fitar hayaƙi. Supap ɗin da aka matse ba ya rufewa sarai idan ya yi zafi, shi ya sa wata motar ke tashi sumul da safe, ta fara rawa bayan tafiyar rabin awa. Wasu na matse su da gangan don inji ya yi shiru ranar da za a sayar da mota. Ƴar ƙarar kas-kas ba ta kashe inji, amma supap ɗin da ba ya zama a mazauninsa ƙonewa yake yi.

Abin da ke yanke hukunci shi ne agogon awon matsi. Ana cire buji huɗu, a taka totur har ƙasa, a juya inji, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a zuba mata baƙin mai cokali ɗaya ta ramin buji a sake awo. Ta hau, zobban fistan ne suka cinye. Ba ta hau ba, supap ne. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, juwan kilas ne ya ƙone a tsakaninsu. Shi kuma yakan zo da shaidunsa: ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, kumfa na tasowa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma launin shayi da madara. Kilas ɗin 404 da 504 na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani na iya lanƙwasa shi.

Kada a ci gaba da lodi da silinda uku. Fetur ɗin da bai ƙone ba na wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Ciwon da buji ɗaya zai warkar a wannan mako, bayan wata biyu sai ya zama na buɗe inji.

Idan duk wannan ya wuce, sai a zo ga karbirato. Inji da zafinsa, cok a mayar, filta a ɗaure, kuma a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, don hayaƙin mota na kisa ba wari ba gargaɗi. Sukuru biyu ne. Ɗaya na saurin juyi, ɗaya na yawan fetur. A ƙirga juyin da aka yi don a san hanyar komawa. Na fetur ana murɗa shi kwata-kwata a hankali har a sami inda inji ya fi daɗin murya, sannan a sauko da na sauri. Ba a ɗaure shi da ƙarfi, bakinsa tsini ne. In aka murɗa shi ciki da waje inji bai ko kula ba, to akwai sauran toshiya ko iska, a koma baya. Ralantin da aka bari a sama kuwa na cin mai a banza duk tsawon jiran fasinja, giya na gurnani wajen shiga, wani lokaci ma a kashe makulli inji ya ci gaba da tari.

Ga ƴan uwa da ke Legas, Akra, Abijan, Aljeriya, Libiya ko Turai, waɗanda da guminsu aka sayi motar gida, mun san yadda wayar take zuwa: "Yaya, mota ta gaji, maigida ya ce sai an buɗe inji." Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma kafin a aika kuɗi, ba laifi a tambaya cikin ladabi: wace silinda ce ba ta aiki? Yaya fuskar bujinta? An duba tiyo da bis platine? An auna matsi, nawa kowace ta bayar? A ce ƙane ya ɗauki hoton buji huɗu a jere, ya naɗi muryar salansa ya turo ta WhatsApp. Makaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, amsarsu na bakinsa.

Shi ma makanike a yi masa adalci. Mun saba biyan kuɗin ƙarfen da aka canza, ba mu saba biyan awa biyun da mutum ya ɓata yana bincike ba. In ya gano tsagaggen tiyo ne, sai a ce ai ba abin da ya yi, a ba shi na goro. In haka ne, me zai hana gobe ya ce a canza karbirato? Kuma ba kowane garejin ƙauye ke da agogon awon matsi ba, ko ƴan siraran ƙarafan auna tazara. Duka biyun ba su cika aljihun jaka ba, mai tahowa gida hutun salla na iya riƙo su, a ajiye wurin makaniken da ke duba motar gidan.